Man Kaɗanya a Ƙwallon Taubashina

Assalamu alaikum Malam, da jama'ar zaurenka. A karanta wannan a ɓoye sunana, kuma don Allah kada a yi saurin tsine mini. Rubutun ma a yi haƙuri da shi, ban wuce ƙananan surori ba na gudu daga allo.

A garinmu na bakin kogin Watari, duk rani da ƙuri'a ake raba fadama. Kowane maigida ya kawo ƙwallon goruba da shaidarsa a jiki, a zuba a tulu, wanda nasa ya fara fitowa shi zai fara zaɓar fili. Ni dagaci ya damƙa wa tulun, ni ke sa hannu ina zarowa, ladana kwandon albasa. Hakimi yakan turo jakada ya sa ido, amma shi idonsa na kan ƙwaryar fura.

Ina da taubashi, bari in kira shi Ɗanlami, tun muna yara muke tsokanar juna. Wata shekara na shafa wa ƙwallonsa man kaɗanya, da na ji santsi a cikin tulu sai in kauce. Ya fito na ƙarshe, ya samu tudun yashi inda jigo ba ya kai ruwa. Na ce, "Ɗanlami, ko tulu ya san rago!" Aka yi ta dariya, ta yi mini daɗi, shekara ta zagayo na sake, na kuma sakewa. Tsoho da furfura, wannan wane irin wasa ne?

Yanzu ba mai dariya. Ana cewa ƙashin tsiya gare shi, ba mai yarda ya haɗa shuka da shi, 'ya'yansa sun watse. Rannan ya ce mini, "Taubashi, bana in na sake zama na ƙarshe, ƙaura zan yi. Ba na zargin kowa, ai hannunka ne. Allah ne bai nufa ba."

Na ƙudura bana nasa zan fara zarowa. Sai ga saƙon hakimi, wai an ji gunaguni a wasu garuruwa, daga yanzu jakada ne zai sa hannu a tulu da kansa. Ranar da nake son yin maguɗin alheri, ranar aka karɓe tulun! In na yi shiru, ƙila ya tafi yana ganin Allah ne ya ƙi shi. In na faɗa, a tuɓe dagacin da ya amince da ni, Ɗanlami kuma ya tafi da sanin ni ne.

Jibi ake ƙuri'ar. Me zan yi?