Hoton da Ya Kashe Kawu Sale

Zuwa ga Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Mu nan Nassarawo jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Adda, Kawu Sale tela ya rasu. Kin san bai gudu ba lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi, saboda Kaka ba ta iya tafiya. Bayan mun dawo daga gudun hijira, sai wani hoto ya fara yawo a waya, mutum ne da rawani, riƙe da bindiga. Maƙwabciyarsa Goggo Dije ta rantse shi ne. Daga bakin famfo magana ta kai kasuwa, har aka ce shi ya ɗinka wa 'yan bindigar tuta. Mutane suka kwashe ɗinkinsu daga shagonsa. Ranar da 'yan sintiri suka tafi da shi, unguwa ta fito kallo. Gawarsa aka dawo mana da ita.

Daga baya wani malamin makaranta ya nuna mana hoton a tsohuwar jarida. Ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba.

Goggo Dije ta zo gaisuwa. Ta ci tuwon sadaka, ta wanke hannu, sannan ta dube ni ta ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ke ma kin san sun yi kama."

Ki sa shi a addu'a, ni kuma ki roƙa mini haƙuri, don ban iya yafe mata ba. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Asma'u