Injin Ya Ƙi Yatsana

Assalamu alaikum, Yaya Barira.

Ya jikin Inna? Ya yara da mutanen Fassi? Allah ya sa dawa ta yi kyau bana.

Ni lafiya lau, kada hankalinki ya tashi. Bayan faɗan nan na wurin gini, kotu ta sake ni da sharaɗin in je ofis duk Litinin in dangwala yatsa. Da littafi ne, yanzu sun kawo inji. Yaya, injin ya ƙi yatsana. Zanen yatsan da fartanya ta rage, siminti ya ƙarasa cinyewa. Sau biyu ina tsaye gaban ma'aikacin, yana kallona, yana cewa kwamfuta ta nuna ban zo ba. In aka yi na uku, sai gidan yari.

Na daina aiki ko fatar za ta dawo. Abinci kuwa, ana lallaɓawa. Don Allah ki ba Dalhatu direba man kaɗe ya kawo mini kafin Litinin, an ce yana taimakawa.

Ki ce wa Inna aiki ne ya riƙe ni. Ta sa ni a addu'a. Ita ko idonta a rufe ta kama hannun nan, ta san nawa ne.

Ƙaninki,
Mika'ilu, Fatakwal