Na Cire Zanin, Yaya Hajara

Assalamu alaikum Yayata,

Na san babu mai kai miki wannan takarda. Amma ko da kina nan ma, ai kin san ni, sai in yi ta murɗa bakin mayafi in kasa magana. Gara in rubuta.

Yalwawa lafiya lau. Umma ta daina ajiye miki kwano, sai dai har yanzu hannunta yakan yi wajen. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya mai farin goshi. Ɗaliban Baba uku sun kusa sauka.

Maganar kwamfutarki ce ta sa na ɗauki biro. Tsohuwar nan da kika dawo da ita daga Kafin Hausa, kika haɗa ta yadda Baba da malaman makarantarsa za su riƙa ɗauko karatun da aka naɗa ta wayoyinsu. Kin tuna da kika ce min manhajar da ke rabon tana aiki ne a ɓoye, kuma guda ɗaya tak ake so ta tashi? Da kika ga ban gane ba, kika nuna min ƙofar banɗakinmu: in an rataya zani, da mutum a ciki. Ita ma in ta tashi sai ta ajiye wani ɗan fayil, ta biyu ta gan shi ta koma. Har sunansa kika sa zani, muka yi ta dariya.

Ranar da aka tafi da ke asibiti batir ya mutu, kwamfutar ta ɗauke. Da na kunna bayan sadakar bakwai, ta ƙi rabon. Zanin yana nan, alhali babu kowa a ciki. Littafinki da kika rubuta ƙa'idojin kwamfutar ya faɗa ƙarara: a duba, in babu mai aiki, a goge shi. Amma Yaya, yana ɗauke da lokacin da kika kunna ta da hannunki a safiyar nan. Ta yaya zan goge?

Sai na yi wayo. Na kewaye ƙa'idarki na tayar da manhajar da kaina. Na ga shiru, na sake dannawa. Ashe biyu na tayar! Suka yi ta kokawa kan fayil ɗaya, har haddar wani ɗalibi da aka naɗa ta yanke a tsakiya. Tsoro ya kama ni, don a foldar karatun ne muryarki take, inda kika karanta wa yara surorin ƙasa. Baba bai yi faɗa ba. Ya dai tambaya ko muryar tana nan, ya kau da kai.

Ga kuma wani laifin. Foldar da na sa wa suna Nahawu, littattafan soyayya ne cike. Kin sani, ko? In ba haka ba, wa ya kulle ta yadda wayar Baba ba ta ganinta? Me ya sa ba ki taɓa tsokanata ba?

Jiya bayan la'asar na rufe manhajojin duka biyun. Na kwafi ranar da lokacin da ke kan zanin a bayan littafinki. Na yi bismilla, na goge zanin. Ta tashi, ita kaɗai, lafiya lau. Abin da Baba ya fara buɗewa muryarki ce, Umma ta tsaya da tsintsiya a hannu har kika kai ƙarshe.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a Aljanna.

Taki mai kunyar nan,
Nana