Rumbu na Uku Yana Hannunka

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka buɗi, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau muke. Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai idon nan na hagu da yake ƙara yi masa hazo, ga shi ya ƙi zuwa asibiti, wai idon da ya shekara yana leƙa kyamara ba likita ne zai koya masa gani ba. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafa har ta dawo zaman bencin shago, tana gyara wa masu hoton fasfo hula ba tare da kowa ya sa ta ba. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya kai ne da baki, kafin in kai ƙarshen zance ka mai da shi wasa. Yau dai sai ka ji ni har ƙarshe.

Ka san yadda muke aiki a shago, ko da yake kai ganin baƙo kake yi masa. Duk katin memori da ya fito daga kyamara ba ya komawa sai na juye shi a kwamfuta, na buɗe masa folda da shekara da wata da sunan mai biki, na ware na banza daga na kirki. Daga nan a kwafa a had-dis, akwatunan nan baƙaƙe da Baba yake kira rumbu. Rumbu ɗaya yana shago a ƙasan kanta, ɗaya yana gida a durowar Baba. Tsofaffin hotunanmu kuwa, na zamanin fim, ni na zauna na shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya lokacin da danshi ya fara cin su a tsohon shago, har bayana ya sankare. Ni na tara na Inna, Allah Ya jiƙanta, a folda guda na sa mata suna. Ni na karanto cewa ajiya biyu ba ta isa ba, sai da ta uku, kuma ta ukun a ajiye ta wani wuri dabam. Ni na cika rumbu na ukun, na manna masa takarda da rubutun hannuna.

To sai ga ka ka zo hutu. Ana gobe za ka koma, ina tsaye ina goge gilashin kanta, Baba ya ɗauko rumbun nan ya naɗe shi a mayafin Inna mai ruwan toka, ya damƙa maka da hannu biyu, ya ce amana ce. Kai kuma ka cusa shi a aljihun jaka kusa da caja, kana tambaya ko za a samu mota da wuri. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, ranar na ji kishi har cikin ƙashina, kuma har yau bai sake ni ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidana ƙetaren titi ne kawai, ina da durowa mai makulli, amma ko kallona Baba bai yi ba. Kai da ba ka san bambancin folda da fayil ba aka ba ka amana, har da mayafi.

Kuma ba ranar aka fara ba. Hotonka na gama makaranta shi ne a saman bango, babba, cikin firam, duk wanda ya shigo sai Baba ya nuna masa ya ce ɗansa ne da ke can nesa. Ni kuwa idan aka tambaya sai ya ce wannan ai 'yar shago ce, kamar tare aka sayo ni da kantar shagon. Idan ka kira waya yakan kori kowa ya rufe ƙofa, ni kuwa sai mu wuni tare bai ce da ni komai ba ban da miƙo batir. Gwaggo takan ce in yi haƙuri, an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Na ce mata ai Baba inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ta yi dariya har hular wani mai fasfo ta faɗi daga hannunta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwanakin baya kwamfuta ta cika, ni kuma na tafi ɗaukar wani biki. Baba ya zauna zai rage mata kaya, yana share foldojin gwaji da ba a buƙata, da idon nan nasa sai ya haɗa da foldar Inna. Da a kwamfuta kaɗai abin ya tsaya da sauƙi. Amma na saita rumbunan biyu su riƙa bin kwamfuta sau da ƙafa, abin da aka ƙara su ƙara, abin da aka cire su cire, don kada mu riƙa mantuwa. Na jona na shago ya share, aka kawo na gida ranar da aka saba kawo shi, shi ma ya share, ba wanda ya lura. Sai da ƙanwarmu Auta ta nemi hoton Inna za ta nuna wa dangin mijinta na buɗe na tarar wayam. Na kai wa mai gyaran kwamfuta, ya duba ya ce hotunan bukukuwan da muka zuba daga baya sun hau kan wurin, abin da ya iya cetowa rabi-rabi ne, fuska a yanke, sauran toka. A intanet kuwa aikin mutane kaɗai muke ɗorawa saboda ƙarancin wuri. Fim ɗin asali ka san danshi ya gama da shi tuni.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa wa Baba. Da na faɗa masa, yana zaune yana goge lens, gilashin idon kyamara, da gefen rigarsa, sai da ya gama gogewa tsaf. Can ya ce ai akwai na wurin yayanki. Wallahi maimakon in ji sanyi sai abin ya taso mini, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, na ce me ya sa kai, me ya sa ba ni ba. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce ba ni ce na koya masa cewa na ukun sai a nesa ba? Ya ce ni da shi wuri ɗaya ne, gobarar da za ta ci shi ba za ta bar ni ba, ruwan da ya shiga ɗakinsa ya shiga nawa, mutum ba ya ba hannunsa na dama ajiya ya ce ya kai wani gari. Daga nan ya ce in miƙo masa batir.

Kada ka ɗauka kishin ya wuce. Na shiga bayan labulen ɗaukar hoto na yi kukana, na fito na ga hotonka yana nan a saman bango yana mini murmushi, sai na ji kamar in juya shi. Ni an ba ni magana ɗaya a tsaye, kai an ba ka firam da mayafi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau ni ce mai roƙo. Don Allah Yaya ka nemo rumbun nan. Ina fata ba ka ba yara sun zuba finafinan katun a ciki ba, ina fata bai jiƙe ko ya faɗi ba a ƙaurar da kuka yi. Kada ka jona shi a kwamfutar wurin aiki, kuma in wadda ka jona shi a ciki ta tambaye ka ko ta gyara shi ko ta goge, ka ce a'a. Ka buɗe foldar da aka rubuta Inna, ka kwafe ta a wani sabon rumbu ka aiko da shi ta hannun Kawu Direba idan ya zo wajenku. Na asalin ka riƙe. Ba da son raina na rubuta wannan ba, amma can ne wurinsa.

Idan ka buɗe, akwai hoto ɗaya da nake so ka fara dubawa. Inna ce zaune a ƙofar tsohon shago tana yi mini kitso, na kwantar da kai a cinyarta, bakina a tsuke don zafi, ita kuma tana dariya. Baba yana gwada sabon lens ne ranar, kai kana makaranta. Na bi hotunan gidanmu kaf da hannuna, Yaya, duk inda Inna ta riƙe ni kana gefe, ko a kafaɗarta ko riƙe da zanenta. Wannan ne kaɗai ba ka ciki, kuma yau duk duniya ba mai shi sai kai.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata na ga saƙon turare, Allah Ya saka. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba da 'yan biyu. Baba yana gaishe ka, haka Gwaggo da Auta da maigidana da yara. Allah Ya sada mu da alheri. Ina zuba ido, kada ka bar ni da jira.

Taka ƙanwar,
'Yar Shago