Sai An Zaɓi Injin Kofi

Ikko, 1975

Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da mutanen Wudil? Ya jikin Baba? Allah Ya ba shi lafiya.

Ni lafiya lau nake, barci ne dai ya ƙaurace mini tun da saƙonki ya iso cewa jikin nasa ya tsananta. Na roƙi Manaja izinin zuwa gida, ya ce, "Sharhabilu, bari ka samo mana injin dafa kofi na ofis tukuna." Kullum ina yawon kantuna. Na kawo na Italiya, ya ce ƙara gare shi. Na Jamus kuma wai bai kai na maƙwabtanmu girma ba. In na taho ba izini, aikin ya tafi.

Kada Baba ya ji dalilin. Ki ce masa ina tafe, ki nema mini gafararsa tun yana iya magana.

Ƙaninki,
Sharhabilu