Rumfar da Muka Kafa a Kangon Baba

Zuwa ga Yayata, Malama Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma labari ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai ce za ki ji shi ki yi irin dariyar da ta dace da shi. Masu leƙawa ta waya su karanta, bismillah, sai dai su sani da ke nake.

Yaya, mun buɗe sansanin yara.

Kin tuna yadda duk dogon hutu, in damina ta kankama, kike tara yaran layinmu a kangon Baba, ƙarƙashin darbejiya? Da hadari ya haɗo sai ki kora su gida kina mita. Kullum maganarki ita ce wata rana za ki kafa musu rumfa sosai, inda za su wuni, su ci abinci, su yi wasa, su koyi zane da ɗinki. Ni kuma in ce, "Malama, nawa za ki sa wa kowane kai?" Ki harare ni ki ce, "Garbati, bakinka ya fi hannunka aiki."

Fagge ta ƙara matsewa tun tafiyarki. Gida bayan gida ana rushewa ana mayar da shi sito. Yaro in yana son ƙwallo, sai dai ya buga tsakanin tayoyin manyan motoci da kurar 'yan dako. A layinmu, kangon nan ne kaɗai ya rage inda ake ganin ƙasa.

Shi ma ɗin an zo nema. Wani attajiri daga kasuwar Singa ya samu Yaya Alhaji yana son wurin ya ajiye kaya. Ban ga laifin Alhaji ba, shi ne babba, kuma nauyin gidan nan duk a wuyansa yake. Na yi ta bin sa da magana har ya gaji, ya ce da ni, "Ka ce yara na bukatar wurin. To, na ba ka zuwa ranar da za a ba da hutu. In na zo na ga wurin da zan iya barin jikata a ciki, shi ke nan. In na ga shirme, mota za ta sauke bulo."

Kin san ni ba ni da abin gina rumfa. Abin da nake da shi mutane, sai na kira gayya.

Na fara da 'yan kasuwar Kwari. Na bi su shago shago, ban roƙi kowa ba, don ɗan kasuwa in ka roƙe shi sai ya tuna ciniki ya ja baya. Na dai riƙa ambaton sunanki. Ashe rabin masu shagunan nan ke kika koya musu riƙe fensir. Wani ya ba da katako, wani ƙusa, 'yan dako suka ce su ƙarfinsu za su kawo. Habu Kafinta, wanda ya yi miki allon ajinki, shi ya zama shugabansu. Suka ce safiyar Juma'a za su riƙa zuwa, tunda kasuwa ba ta cika sai an sauko daga masallaci.

Daga nan na tsallaka Sabon Gari wurin Malam Istifanus, mutumin Zariya ɗin nan da kuka koyar a makaranta ɗaya. Ya yi ritaya, gashi duk ya yi fari. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shekarar da matarsa ta kwanta asibiti, ke kika haɗa ajinsa da naki ba wanda ya sa ki. Ya tara matasan cocinsu da wasu masu sayar da kayan gini, suka ce su ranar Lahadi za su zo, bayan an tashi daga sujada.

To, nan dillancin ya motsa. Kin san ƙa'idar sana'armu: mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa, sai ta bakin dillali. Ranar Juma'a in ce da su Habu, "Mutanen Sabon Gari fa sabon kwano suka ce za su kawo, ku kuma ban sani ba." Ranar Lahadi in ce da su Malam, "'Yan Fagge sun ce nasu ɓangaren har siminti za su shafe." Wallahi Yaya, kaya suka riƙa zuwa kamar ana rabon gado. Kuma in faɗa miki gaskiya, akwai tsoro a ciki. Na ga abubuwa da yawa a garin nan sun watse daga zaman farko, a kan wa zai shugabanta da wa zai buɗe da addu'a. Na ce gara kowa ya yi nasa, ni in tsaya a tsakiya.

Kangon kin san shi, dogo ne siriri. Gabas katangar Baba Modu, tsohon nan ɗan Barno mai turare. Yamma bayan ɗakin Iya Talatu. Su Habu suka ɗauki gabas, su Malam suka ɗauki yamma.

Da aka zo rufi, sai na ga Habu ya ɗaga bayan nasa ya karkato shi ciki. Lahadi ta zo, Malam ma ya karkato nasa ciki. Rufi biyu suka sunkuyo suna kallon juna, da 'yar tazara a tsakani daga ƙofa har ƙarshen fili. Habu ya tambaye ni wa zai haɗa tsakiyar. Na ce ya bar mini. Malam ya tambaye ni. Na ce an gama magana.

Yadda na gama maganar shi ne, na kwaso ledojin da ake naɗe dilar atamfa, masu kaurin nan, na sa aka ɗinke su, na shimfiɗa a tsakiyar na ɗaure da igiya. Daga ƙasa in kin ɗaga kai, abin gwanin kyau. Har hoto na ɗauka.

Ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu Alhaji ya zo dubawa, bayan la'asar, cikin farar shadda. Da hantsi an sheƙa ruwa. Ya zaga ya ga benci, ya ga allo, ya ga lilon taya da matasan Malam suka rataya a darbejiyarki, ya leƙa banɗakin da aka gyara. Na ga fuskarsa ta fara saki. Sai ya tsaya a tsakiyar rumfa ya ɗaga kai. Ledar nan ta sha ruwan rufi biyu, ta yi tumbi ta sauko. Ya ce, "Wannan kuma fa?" Ya ɗaga lemarsa ya ɗan zungura.

Yaya, ban taɓa ganin ruwa ya sauko wa mutum ɗaya haka ba. Hularsa sai a bakin ƙofa aka tsinto ta.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya matse hannun riga, ya dube ni ya ce, "Garba, nan zan bar jikata?" Ya fita. Na zauna a kan bencin yara, gwiwoyina har haɓa, ina jin ruwa na ɗiga. A ranar na yi kewarki fiye da ranar da muka kai ki. A raina har na ga mota tana sauke bulo a inda kike shimfiɗa tabarma.

Dole ta sa na yi abin da dillali ba ya yi. Na kira su duka, rana ɗaya, Asabar.

Suka tsaya cirko-cirko, waɗannan a gabas, waɗancan a yamma, yagaggiyar leda na reto a tsakani. Habu ne ya fara. Ya ce, "Malam, da girmanka, me ya sa ka juyo mana da ruwanka?"

Malam ya ce, "Ni ma tambayar da na taho da ita ke nan tun daga gida."

Habu ya ce, "Ni katangar Baba Modu ta ƙasa ce. In na sakar mata ruwan kwano, kafin kaka ta kwanta. Ba a zuba wa maƙwabci ruwa."

Malam ya nuna bayansa. "Ni kuma ɗakin tsohuwar nan ne. Na ga tsagewa a bangon. Na ce ko me za a yi, ba ta kanta ba."

Sai wani cikin 'yan dako ya ce, "To ai ku duka abu ɗaya kuka yi." Aka fashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba, don Habu ya ce, "Mu fa an ce mana ku ne ba ku son a haɗu." Malam ya ce, "Mu ma haka aka ce mana." Duk suka juyo.

Na buɗe baki, Yaya, karon farko a rayuwata ban samu ciniki a ciki ba.

Malam ya ce, "Garba, da a ajina kake, yau sai ka yi tsallen kwaɗo har Kwari." Habu ya ce, "Bar shi, Malam. Miƙo masa guduma, ita ce maganinsa."

Suka lanƙwasa kwano suka yi doguwar magudana, ta bi tsakiyar daga ƙofa ta gangara baya, ta zube a cikin duro. Malam yana awo da igiya, Habu yana saman tsani yana cewa idonsa ya fi igiyar, suna musu kamar sun shekara tare. Da azahar ta yi muka tafi salla, matasan Malam suka ci gaba da riƙe kwanon don kada ya zame. Matarsa ta aiko da shinkafa, matan layinmu suka fito da ɗanwake, aka ci a faranti ɗaya. Ba wanda ya tambayi wa ke shugabanci. Ni dai na bugi babban yatsana har ya yi baƙi, kuma ba wanda ya ce mini sannu.

Ashe Baba Modu yana zaune a bakin ƙofarsa yana jin komai. Washegari ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan Alhaji da ƙafarsa. Da na tambaye shi me ya faɗa, sai ya ce, "Na gaya masa masu sito sun kewaye ni shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwansa ke sauka. Na ce ni waɗannan maƙwabtan nake so." Alhaji dai bai neme ni ba.

Ranar buɗewa yara suka cika wurin. Na Fagge, na Sabon Gari, wasu da silifa ƙafa daban-daban. Wata tela tana nuna wa 'yan mata yadda ake sa zare a allura da ƙyallayen da muka tsinto a Kwari. Malam ya zauna a ƙasa da tsufansa yana koya musu yin mota da kwali. Ni idona na kan ƙofa.

Wajen hantsi hadari ya haɗo. Ba wanda ya kori kowa gida. Ruwa ya sauko, kwano ya ɗauki ƙara, yara suka yi ta ihu suna jin daɗi. Cikin ruwan nan sai ga Alhaji, riƙe da hannun jikar tasa, 'yar wajen Sadiya, takwararki, wadda muke kira Jidda. Bai gaishe ni ba. Ya wuce kai tsaye ya tsaya a daidai inda abin ya same shi, ya naɗe lema, ya ɗaga kai. Ruwa na gudu a magudana a saman kansa. Ya daɗe a tsaye. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Sai na ga ya saki hannun yarinyar. Ta ruga wurin masu kwali.

Ya ce da ni, "Da la'asar zan aiko a ɗauke ta. Mutumin Singa kuma kai za ka gaya masa ya nemi wani wuri, tunda kai ne mai baki." Ya juya zai fita, sai ya tsaya yana kallon wani ɗan ƙaramin yaro a kan benci, ƙafafunsa na lilo ba su kai ƙasa ba. Muryarsa ta canza. Ya ce, "Da Hauwa na nan, da ta ce bencin nan sun yi wa ƙanana tsawo. A rage musu ƙafa."

Tun da kika rasu ban ji sunanki a bakinsa ba sai ranar. Ya fita cikin ruwa bai buɗe lemar ba.

Mun rage ƙafafun, Yaya. Ni na riƙe, Habu ya yanka.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Inna da Baba a gidan Aljanna. Duk yaron da ya yi dariya a ƙarƙashin rumfar nan, Allah Ya kai ladan kabarinki. Waɗanda suka kawo katako, da waɗanda suka kawo ƙarfi, da waɗanda suka kawo abinci, na gabas da na yamma, Allah Ya saka musu da alheri, Ya raya musu zuri'a. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙaninki mai kewarki,
Garbati