Kwanakin da Suka Hau Kan Juna a Takardar Awon Ɗiyata

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya haɗa manhajar awon ciki da ake aiki da ita a asibitocinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ce mahaifiyar Saratu. Tana aure a Maiyama, can take awo. Da cikinta na fari ya shiga wata tara ta dawo gida Jega goyon ciki, riƙe da takarda ɗaya da na'urarku ta buga, mai zanen hawan jininta.

Na ɗaya. A ƙasan zanen, inda ake rubuta ranakun awo, kwanakin sun hau kan juna sun zama baƙin tabo. Biyu kaɗai ke karantuwa, na farko da na ƙarshe, wata uku tsakaninsu.

Na biyu. Manhajar ta jera awon da tazara iri ɗaya, kamar duk bayan sati biyu aka yi. Ungozomar asibitinmu ta duba, ta ga jini yana hawa a hankali, ta ba da magani, ta ce mu dawo ran Litinin. Ashe awo huɗu na ƙarshe cikin kwana tara aka yi su. Ran Asabar Saratu ta faɗi tana jijjiga a bakin murhu. Ta rayu. Jikana bai zo da rai ba.

Na uku. Da ma'aikacinku ya zo asibitinmu daga baya, ina tsaye ya buɗe kwamfuta, ya sa kwanakin su karkata, kowanne da rana da wata, tazararsu ta bi kalanda. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya gama. Ya ce layi biyu ne kawai ya gyara a rubutun manhajar.

Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke sakaci. Ɗan sakandare ma in ya zana jadawali babu kwanan wata, malami sifili yake ba shi. Wani ya ga tabon nan kafin a raba manhajar, ya ce ba komai. Ya ji tsoron Allah.

Ba diyya nake nema ba. Ku gyara a kowane asibiti, har na ƙauyukan Aliero, ku sa ungozoma ta karanta takardar da idonta kafin ku saki. Ku kuma daina ɗora laifi a kan tamu, abin da kuka buga ta karanta.

Allah Ya shirye ku, Ya tsare 'ya'yanku mata. Saratu ta gama wankan jego ba goyo, gobe za ta koma Maiyama, kuma can ɗin har yau tsohuwar takardar ake bugawa.

Wassalam.
Mahaifiyar Saratu, Jega.